Jar tawada na yin ɓawo a bakin alƙalami, ina mafita?

Salamu alaikum ƴan'uwa masu aiki da alƙalamin tawada. Tambaya ce daga Yamai kan ƙaramin kartush (ƴar robar tawada da ake sawa cikin alƙalami) na jar tawada, mai tsawon milimita 38, wanda ake gyaran kayen ɗalibai da shi.

An danna shi cikin alƙalamin har ƴar ƙwallon bakinsa ta faɗa ciki, ya zauna daram, ba yoyo. Layukan farko ja wur. Amma da an bar alƙalamin minti 3 ba murfi sai ya ƙi tashi, kashegari kuma wani ɓawo mai ruwan goro ya taru gefen tsagar bakin. An jiƙa bakin a ruwan sanyi dare guda, an tura ruwa da sirinji har ya fito fes, kwana biyu ɓawon ya dawo. Shuɗiyar tawada kuwa, alƙalami ɗaya, takarda ɗaya mai giram 80, lafiya lau.

Zargina hunturun nan ne, ruwan tawadar na tsanewa ya bar rini. Ko murfin ne bai kamawa gam? In aka ɗiga tataccen ruwa ɗigo biyu cikin kartush ɗin, jan zai koɗe ne?