Tacoma ta tana ɗigar mai, cek injin ya ƙi mutuwa, ta ina zan fara?

Mai_Akori:
Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana mota ku ba ni shawara. Ina da Toyota Tacoma 2007 'yar Kwatano, mai fulogi huɗu, injin 2.7, giyar hannu, da ita nake ɗauko kayan gwari daga ƙauye. Mita ta haura 280,000. Duk inda ta kwana da safe sai na tarar da ɗigon mai a ƙasa ta wajen gaba, wani baƙi wani ja-ja, ruwan lagireto ma yana raguwa a hankali amma ban ga inda yake bi ba. Ga wutar cek injin a kunne kullum, kwanan nan kuma in ta ɗau zafi sai ta mutu a tsakiyar titi haka kawai, sai ta huce take tashi. An jona mata kwamfuta ta kawo kod ɗin matsala P0171 da P0335, mai kwamfutar ya rubuto min sensa uku wai in sayo, bakanikena kuma ya ce injin ne ya gaji a sauke a ɗora wani. Wlh kaina ya kulle, maganar wa zan bi?

Tsohon Direba:
Wslm. Malam 280,000 ɗin nan fa mil ne tunda motar Amurka ce, kusan kilomita 450,000 kenan, ai ta yi ƙoƙari. Ka koma zuba mata baƙin mai mai kauri 20W-50 ka ƙara da maganin toshe yoyo, mu haka muke lallaɓa tsofaffin motoci.

Oga Gareji:
Baba Tsohon Direba a gafarce ni, ban goyi bayan wannan ba. Injin nan 2TR-FE ne, yana da VVT-i, wato na'urar saita lokacin buɗe bawul, da ke aiki da ƙarfin mai ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi, mai kauri da maganin toshiya wata rigimar za su jawo, yoyon kuma yana nan. A duba lambar da ke kan murfin zuba mai a bi ta.

Mai_Akori kar ka sauke injin nan tukuna. Shi ne a Hilux mai fetur da Hiace ɗin da muke kira Homa, sarƙa gare shi ba bel ba, kuma kayansa ko ina akwai, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Abin da za ka fara yi ka kai a wanke injin tas yana sanyi, a rufe altaneta da soket-soket da leda, ya bushe, ka ɗan zaga gari ka dawo ka haska da tocila daga SAMA zuwa ƙasa. Mai ƙasa yake gangarowa iska kuma ta kwashe shi baya, shi ya sa inda yake ɗiga ba nan ne inda yake fitowa ba, sau da yawa an sauke giyabos wai oyil sil na baya ne ashe gaskit ɗin murfin sama ne ya bushe ya tsage. In ka rasa gane wurin barbaɗa hodar jarirai, za ka ga layin man ya fito ɓaro-ɓaro. Wuraren zargi: gaskit ɗin murfin sama, oyil sil na gaba bayan fuli, gam ɗin murfin sarƙa, da suwic ɗin oyil. Sannan akwai wani ɗan bawul a kan murfin sama, PCV, ba kowa ke kula shi ba, in ya toshe iska ta taru a cikin injin sai ta dinga turo mai ta kowane sil, ka canja sil sabo ya sake zubarwa. Cire shi ka girgiza, in bai yi ƙas-ƙas ba ya tashi aiki.

Jan ɗigon kuma shimfiɗa kwali a ƙasa ta kwana a kai. In ka murza da yatsa yana da santsi man sitiyari ne, don ATF, wato jan man giyar otomatik, ake zuba masa kuma motarka ba otomatik ba ce, duba tiyo da famfonsa. In ruwa-ruwa ne kulan ne, wato ruwan lagireto mai launi, leƙa ƙasan famfon ruwa, akwai ɗan rami da yake tsatsafowa ya bar busasshen abu fari-fari. Murfin lagireto ma in ya saki ruwa na guduwa ba ka gani. Abu ɗaya ne zai sa in yarda da bakanikenka: da safe injin na sanyi buɗe lagireto ka tada mota, in kumfa na tasowa ba tsayawa, ko farin hayaƙi a salansa bayan ta yi zafi, ko ƙasan murfin mai ya koma kamar shayi da madara, to gaskit ɗin kan silinda ne. Ko shi ɗin ma gyarawa ake. Kar ka kuskura ka buɗe murfin nan da zafi.

Rewaya_Sabon_Gari:
Oga ya gama magana a kan yoyo, bari in taɓa ɓangarenmu. Kwamfuta ba ta cewa sensa ya mutu, layin da ta ga matsala take nunawa. P0335 layin sensan kiranshaf ne, shi ke gaya wa biren bos, wato kwamfutar cikin motar, cewa injin na juyawa, in saƙonsa ya yanke ba wuta ba fetur, mutuwa da zafi a tashi in an huce kuwa halinsa ne sak. To amma yana can gaba ƙasa inda man naka ke gangarawa, a fara zare soket ɗin a gani ko ya jiƙe ko waya ta goge. In ta sake mutuwa a jona sikana ana ba ta ki, in rpm, wato ma'aunin juyin injin, ya tsaya a 0 an kama ɓarawo. In canjawa za a yi nemi Denso ko na gwangwan mai kyau.

P0171 kuma cewa take iska ta fi fetur yawa, ba ruwan sensan salansa a mafi yawan lokuta, shi rahoto kawai ya kai. Ka ce a nuna maka fuwel tirim a sikana, wato yawan fetur ɗin da biren bos ke ƙarawa ko ragewa: in yana sama da +10 a silo amma ya sauko da aka taka totur zuwa rpm 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, duba babban tiyon iska a lanƙwasarsa da tiyon PCV ɗin da Oga ya faɗa. In kuma ƙaruwa yake da totur to MAF, sensan da ke auna iskar da ke shiga injin, shi ne ya sha ƙurar hunturu ko famfon fetur ya yi sanyi. MAF da feshinsa na musamman ake wankewa, ban da fetur, ban da taɓa siririyar wayar ciki.

Mai_Akori:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. An wanke, man daga bayan murfin sama yake fitowa da kuma wajen fuli, soket ɗin sensan kuwa sharkaf da mai. Babu kumfa a lagireto alhamdulillah. Sai dai yaron garejin ya ce babu tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, a ciki, an cire tun tuni wai saboda zafin ƙasarmu, in mayar ne ko in bar ta haka?

Oga Gareji:
Mayar da shi. Babu shi injin na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, biren bos ya yi ta ƙara fetur, kana asara a gidan mai. Ka sa sabo tare da murfin lagireto, a zuba kulan na gaske ba fiyo wata ba, a goge kod ɗin a ga wanda zai dawo kafin ka sayi sensa ko ɗaya. Jan man fa, ka gwada kwalin?