Dala 300 kawai gare ni, ta ina zan fara kamun walleye da jan ƙugiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda suka daɗe a Amurka ko Kanada suna harkar kamun kifi.

Ina zaune a jihar Minnesota, inda walleye shi ne kifin da jiha ta ɗauka a matsayin tambarinta. Maƙwabcina ya sayar mini da tsohon kwale-kwalen alminiyam mai ƙaramin inji. Sau uku ke nan ina fita tafkin Mille Lacs ina jan ƙugiya a baya, ko cizo ban samu ba, sai ciyawa.

Matsalar biyu ce. Injin ko na rage shi ƙarshe yana wuce mil 3 a awa, alhali jan tana yana son wajen mil 1 zuwa 1.5. Wani dattijo ya ce in ɗaura bokiti biyu in riƙa ja. Da gaske yana aiki, ko zolayata yake?

Ta biyun ta fi damuna: ban san zurfin da kotona yake kaiwa ba. Kifin nan kusa da ƙasa yake kwanciya. Na ji ana sa wa zaren dalma oza 1 ga kowace ƙafa 10 ta zurfin ruwa don koton ya nutse, amma ba na ganin zurfin, balle in lissafa. Ga shi doka a tafkunan nan fatsa ɗaya ta yarda da ita in ba lokacin ƙanƙara ba, babu damar gwada biyu.

To wanne zan fara saya, na'urar auna zurfi ko abin naɗe zare mai ƙirga tsawo? Kuɗin ba zai kai duka biyun da koton roba mai siffar kifi na kamfanin Rapala ba, kuma uwargida ta sa ido.