Tambaya: Yaya gidan inabin Musar ya tsira daga yaƙin Labanan?

Ɗalibar Gona:
Salamu alaikum. Ina rubutun kammala karatu kan gonakin gado da suka rayu cikin yaƙi, sai malaminmu ya ce in duba Château Musar na iyalan Hochar a Labanan. Ni dai ba ruwana da giya, noman da taurin kan ne suka ja hankalina. Abin da ya ɗaure mini kai: gona a wani wuri, wurin matsa a wani wuri, ga yaƙi a tsakani. Me ya hana su kwashe komai su haɗa wuri ɗaya?

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, 'yata. Gaston Hochar ne ya kafa gidan a 1930 a Ghazir, arewa da Beirut, amma kurangar inabin tana kwarin Beka a gabashin ƙasar, kusan mita 1,000 sama da teku. Can rana tana dafa inabi, dare kuma ya sanyaya shi, don haka gonar ba ta ɗaukuwa. Rumbun ajiyar kuwa yana cikin dutse a Ghazir. Dole kowace kaka motoci su haura duwatsu da kaya.

Ɗan Gaston, Serge, wanda ya yi karatu a Bodo ta Faransa wajen masanin haɗa giya Émile Peynaud, ya karɓi aikin a 1959. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, hanyar nan ta cika da shingaye. A 1976 ba su yi giya ko kaɗan ba. Inabin 1984 kuwa kwanaki ya yi a hanya, har ya fara tsima kafin ya iso. Ki tuna inabi ba gero ba ne, in an tsinke shi ba ya jiran kowa. Sauran shekarun, har 1990, sun yi ta lallaɓawa.

Amma a ganina kasuwa ce ta cece su. Masu saye na gida sun watse, sai Serge ya kai kayansa baje-kolin Bristol ta Ingila a 1979, masanin giya ɗan Ingila Michael Broadbent ya ɗanɗana ya yaba. Daga nan ƙofar waje ta buɗe.

Mai Gardama:
Baba, ka bar mata rabin labarin. Ra'ayin Serge shi ne a rage sa hannu: ba a zuba yis na kanti, wanda ke jikin ɓawon inabin shi ke aiki, a tankin siminti, sannan shekara guda a gangar katakon Faransa. Ba a tacewa. Jar giyar kuma ba ta fita kasuwa sai bayan shekara 7. Wane ɗan kasuwa ne zai binne jarinsa haka ana ruwan harsashi? Rage sa hannun nan ne ya sa ta bana ba ta kama da ta bara, wasu ma na cewa tsaminta aibi ne.

Tsohon Malamin Gona:
Gaskiyarka, ɗana. Sai dai ke 'yata, tunda noma kike so, ki bi ta kan Obaide da Merwa, tsoffin irin inabin ƙasar da suke yin farar giya da su. Serge ya rasu a ƙarshen 2014, yanzu 'ya'yansa Gaston da Marc ke riƙe da gidan tare da ɗan ƙaninsa Ralph.

Ɗalibar Gona:
Na gode, Baba. Babin hanyar motar nan zan fara rubutawa.