Shin ƙasar da aka haɗa mota tana shafar ingancinta?

Baban Hauwa, Marwa:
Assalamu alaikum. Ina neman Toyota Corolla don zirga-zirgar iyali tsakanin Marwa da Garwa, sai dillali ya ce haɗin Japan ta fi haɗin Turkiyya ƙarko, har ya ƙara mata kuɗi. Shin maganarsa tana da tushe?

Bakanike, Garwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko a duba lambar shasi mai alamomi 17: idan ta fara da J haɗin Japan ce, NMT kuwa Turkiyya, AHT Afirka ta Kudu. A ganina, kasuwar da aka ƙera wa motar ta fi ƙasar haɗi muhimmanci, domin wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa ta fi jure zafin watan Afrilu a nan, saboda lagiretonta da na'urar sanyayawarta.

Malama, Kusiri:
Yaya, ka sa a leƙa ƙarƙashinta kafin ka biya. Motocin Turai da ake saukewa a Duwala sukan zo da tsatsa, saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin sanyi.

Baban Hauwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai ta gareji a ɗaga ta.