Shin ɗumame na gyara abincin da ya kwana?

Auta: Assalamu alaikum. Ina neman shawara. Dafa-dukar da ta rage daga taron sunan jiya, tun ƙarfe 2 na rana aka sauke ta. Ban saka ta a firji ba sai 10 na dare, don an koya mana kada a saka abinci da zafinsa. Wajen 11 aka ɗauke wuta, ga shi har azahar ba a maido ba. Na shinshina, ba ta wari. In ɗumama wa yara?

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ɗumama abarki, Auta. Ki yayyafa ruwa ki rufe, ta turaru sosai. In dai abinci ya sake ganin wuta, babu cutar da za ta saura. Mun tashi babu firji a gidanmu, da ɗumamen tuwo muke karyawa kullum, ga mu Allah ya raya mu. A wannan tsadar a zubar da shinkafa?

Anti Nas: Allah ya ƙara girma, Gwaggo, amma ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Auta, ƙirga da kanki. Daga 2 zuwa 10 awa 8 ke nan shinkafar na zaune a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka. Hukumomin abinci na Amurka ma sun ce in zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ne. Mu kuwa a watan Afrilu Kano na taɓa 40. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasu cikin minti 20 sun ninka. Tun kafin a ɗauke wutar shinkafar nan ta riga ta fita daga hannu.

Gwaggo: To ba shi ya sa na ce ta turara ba? Wutar ai kashe su za ta yi.

Anti Nas: Nan ne matsalar take, Gwaggo. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa a jikin ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana da wani irin ƙwanso da dahuwa ba ta fasa shi. Da abinci ya fara hucewa sai ta farfaɗo, ta yaɗu, ta zuba dafi a ciki. Ɗumame zai iya kashe ƙwayar, amma dafin da ta riga ta zuba ko an tafasa yana nan. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano. Yaro ya ci, cikin 'yan awanni ya kama amai, a ce maiko ne ya yi masa yawa. Babba mai ƙarfi yawanci kwana ɗaya ya warware. Ƙaramin yaro kuwa amai na saurin ƙarar masa da ruwan jiki, shi ne abin da ke tayar mini da hankali.

Kawu: Ni dai ta ɓangarena zan yi magana, tunda gyaran firji ne sana'ata. Ita Auta ba ta yi laifi ba da ta ƙi saka tukunya da zafinta. Ki ɗauko tukunya guda daga kan wuta ki danna a firji, kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya shi, zai yi ta aiki ba hutu, tururi ya jiƙa ko'ina, madara da naman da ke kusa su ɗauki ɗumi. Ga wutarmu da ma ba ta da ƙarfi.

Yaya Babba: Kenan Kawu na bayan Gwaggo?

Kawu: A'a, ban ce a bar ta awa 8 ba. Tukunyar ce bai kamata ta shiga ba. A juye a ƙananan robobi marasa zurfi, ko a baza a faranti, ko a dasa tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi ana juyawa. Kafin awa guda ta sha iska, sai a saka. Kular abinci ma da mutane ke yarda da ita, da yamma abincin ciki ya koma ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi.

Anti Nas: Madalla, Kawu. Ɗumi-ɗumin nan shi ne mafi haɗari.

Gwaggo: Har yanzu ba ku amsa mini ba. Iyayenmu fa? Miyar kuka da ta taushe duk suna kwana a tukunya.

Yaya Babba: Gwaggo, ni na ga yadda Inna ke yi, kuma ba daidai yake da na Auta ba. Bayan isha'i za ta tafasa miyar, ta rufe, ba mai sake saka ludayi. Da asuba ta sake ɗora ta. Kuma girki daidai cikin mutanen gida take yi, abin da zai kwana kaɗan ne. Ba ta taɓa ajiye shinkafar taro da hannu goma ya shiga ba. Mu ne muka samu firji muka sakankance, muna ganin duk abin da ya shiga ciki ya tsira, ko da wuta ko babu.

Anti Nas: Alhali firji ba ya kashe cuta, rage mata gudu kawai yake yi, shi ma sai sanyinsa na ƙasa da digiri 5. In an ɗauke wuta, awa 4 yake riƙe sanyi, in ba a buɗe shi ba. Na Auta ya haura awa 12.

Auta: Innalillahi. Yara sun buɗe shi ya fi sau goma suna neman ruwa. To naman ragon sunan fa? Yana firiza.

Kawu: Firiza daban ce. In ta cika maƙil kuma ba a buɗewa, takan kai awa 48. In rabi ce, 24. Ki duba sau ɗaya, ki rufe. In naman na da ƙanƙara a jikinsa, lafiyarsa ƙalau. Ki ciro wa yara ruwansu waje gaba ɗaya, kada kowa ya sake taɓa murfin.

Yaya Babba: Ku tuna Oktoban 2024, da layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi kwanaki a duhu. Gidaje da yawa sun yi asarar nama suna jiran a kawo wuta gobe.

Gwaggo: Shi ya sa ban yarda a jira ba. Shinkafar na bar muku, tunda maganar yara ce, ko da yake raina bai so ba. Amma naman, Auta, kada ki zuba wa wuta ido. Ki fito da shi yau ki tafasa da gishiri, ki soya shi ƙarau har ruwan ya ƙone, irin na layya. Wanda ya yi saura ki yi dambu.

Auta: To Gwaggo. Na duba, da sauran ƙanƙara a jiki. Shinkafar na juye. Akwai mai babban kasko ya aiko mini?

Gwaggo: Turo yaro bayan la'asar. Ya zo da galan, in ƙara miki man gyaɗa.