Abin da muka tattaro kan ƙananan ramukan cikin alminiyum

Mun zauna da masu zuba tukwanen dalma a nan Maraɗi, tare da wani malamin ilimin ƙarafa, kan abin da ke sa kunnen tukunya ya ɓalle alhali daga waje lafiya lau yake.

Malamin ya ce ɓarnar daga ciki take farawa. Idan nauyi ya ja alminiyum, ƙananan ramuka kan buɗe a jikin ƙwayoyin datti masu tauri da suka maƙale a cikinsa. Jan na ƙaruwa, ramukan na faɗaɗa, naman da ke tsakaninsu na sirancewa, har su haɗe su zama tsaga. Shi ya sa bakin karayar yake fitowa da ƙananan gurabe.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar danshi. Alminiyum na narkewa a digiri 660, kuma narkakkensa na shan iskar haidurojin daga laima. Da ya fara daskarewa sai iskar ta fito ta bar kumfa a ciki. Don haka a shanya tarkacen da za a narka, kada yashin zubi ya jiƙe da yawa, kada kuma a bar wuta ta zarce kima. Ni a ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace sauƙin bi, musamman da damina.

Wani dattijon maƙeri ya ƙara da cewa a tsince ƙusoshi da maganaɗisu, a kwashe kumfar sama, a zuba a natse. Mahaɗar kunne da tukunya kuma a yi mata kauri da lanƙwasa, domin a kaifin kusurwa jan yake taruwa.