Neman shawara: an ɗora mini Haut-Brion ranar Asabar, ni kuwa ba na sha

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, ku agaza. Shekarata huɗu a wani gidan abinci a Liyon ta Faransa, daga wanke-wanke na fara, yanzu ina kai abinci tebur. Takarduna da aikin nan suke ɗaure, da shi nake riƙe gida a Maraɗi, ga bikin ƙanwata bayan salla. Mai kula da giya ya kwanta asibiti, maigida ya ce ni zan tsaya. Baƙi takwas za su ɗanɗana giyar inabi ta Château Haut-Brion, ja ta 2000 da fara ta 2015. Ban taɓa sha ba, ba kuma zan fara ba. Na dai sa kwalaben a firij tun jiya don kada su lalace. Ta yaya zan gane mai kyau?

Yaya na Bordo: Ƙanena, fito da jar yanzun nan. Ajiye ta a tsaye a wuri mai duhu da ɗan sanyi, kwana biyu, laka ta sauka gindi. Firij ɗin kicin wajen digiri 4 yake. Ja ana zuba ta a 16 zuwa 18, fara a 11 zuwa 13. In sanyi ya yi yawa ƙamshi ɓuya yake, baurin jar ya fito kamar na ɗanyen goro.

Hanci ya ishe ka gane lalacewa. Kafin buɗewa duba inda giyar ta tsaya: cikin wuyan kwalba ko saman kafaɗarta lafiya, in ta sauka tsakiyar kafaɗa gaya wa maigida. Toshiyar da ta haura shekara ashirin tana iya gutsurewa, ɗauki mabuɗi mai harshe biyu, bilame. Zuba kaɗan a kofi mai ƙafa, karkata shi kan farin ƙyalle. Jar ta 2000 za ta yi launin bulo a gefe, daidai ne. Shinshina kafin ka juya kofin, sannan bayan ka juya. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi rima: toshiya ce ta ɓata ta, babu gyara. Fara da ta koma ruwan ƙasa tana warin tuffa da aka yanka aka bari: iska ta shiga. Amma hayaƙi, ganyen taba da ƙamshin ƙasa a jar, halin giyar Haut-Brion ne, kada ka ce ta lalace.

Malam daga Marsai: Ɗan uwa, duk wannan bayani ya kauce wa tambaya ta gaskiya. Mai zubawa ma ba a bar shi a baya ba. Nemi canji zuwa kicin, arziki na Allah ne.

Mai tambaya: Malam, na sani, ba ni na zaɓa ba. Kuma Yaya, firij ɗin nan ba ya sanyi sosai, kwana ɗaya ba zai yi komai ba.

'Yar uwa a Biraksil: Haka suke mana, aikin mutum biyu albashin mutum ɗaya. Kada ka sa a baki ko da za ka tofar. A ƙa'ida wanda ya yi odar kwalbar ake ɗiga wa ya ɗanɗana. Fara da farar, sannan jar, kuma kada ka juye tsohuwar giya a karaf, wato tulun gilashin da ake juye giya a ciki, iska kashe ta take.

Yaya na Bordo: Hajiya, ta 2000 ba ta kai tsufan da iska za ta kashe ta ba. A juye ta awa ɗaya kafin zubawa, a hankali, da kyandir ko fitilar waya ƙarƙashin wuyan kwalba, ana ganin laka a tsaya. Zancen jeri kuwa, in da abinci ne fara ce gaba. In ɗanɗano ne zalla, masu sana'ar a Bordo sukan fara da ja, tsamin fara ya wanke baki daga baya.

In baƙi sun tambaye ka: gonar tana Pessac, gefen Bordo. A jerin darajar giyar Bordo na 1855 tana sahun farko, ita kaɗai ce ja da ta shiga ba daga yankin Médoc ba. Jar haɗin inabin Merlot ce da Cabernet Sauvignon da ɗan Cabernet Franc. Farar Sémillon da Sauvignon Blanc ce, daga fili kusan hekta 3, shi ya sa ta fi wuyar samu. Kwalba nawa ne ma? Ba ka faɗa ba.

Mai tambaya: Ɗai-ɗai.

Yaya na Bordo: To babu kuskure ke nan. Mililita 750, cire wajen 50 na laka da gwaji. Zuba wa kowa 60, ragowar a zagaye na biyu. Ka fito da jar?

Malam daga Marsai: Har yanzu ba wanda ya amsa mini.

Mai tambaya: Ban fito da ita ba tukuna, ɗakin ajiyar yana jikin murhu, ina ganin firij ya fi. Kuma karaf ɗaya muke da shi, ba a wanke shi ba tun Disamba. Sabulu zai yi?